Kwalin Baba da Na Ƙona

Sadiya, Ummi, wannan babin naku ne, kuma kada ku karanta shi a gaban mahaifiyarmu Dada. Na rubuta muku labarin haihuwata a Lau da dawowarmu Jalingo, duk a zama ɗaya. Wannan kuwa sau huɗu ina farawa ina yagewa. Kun taso kun tarar ba a gaisawa tsakanin gidanmu da gidan Bappa Ishaya, katanga ɗaya ta raba mu amma in kun hango shi sai ku sake hanya, don an ce muku shi ya sayar da Baba. Ke Ummi har yawu kin taɓa tofarwa a ƙofarsa, ina tsaye ina kallo ban hana ki ba. To ba shi ba ne. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga tushe, don in na soma daga tsakiya ba zan iya ƙarasawa ba.

Shekara ta uku ke nan da aka yanke mana jiha, lokacin mulkin soja, ina da shekara sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Baba malamin dabbobi ne, aikinsa duba nama a mayanka. Kullum da sassafe yana can da doguwar wuƙarsa, ya tsaga hanta, ya latsa huhu, wanda ya yi ya buga masa hatimi, wanda bai yi ba ya sa a binne. Bappa Ishaya abokin aikinsa ne, Mumuye ne kuma Kirista, ofishinsu ɗaya, makullin ma ɗaya ne suke karɓa-karɓa. Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, ta nan matarsa Mama Rifkatu ta shigo da gudu ba ko ɗankwali ranar da Dada ke naƙudar Ummi, ita ta yanke miki cibi. Ba ku san da ƙofar nan ba, don an toshe ta kafin ku yi wayo.

A shekarun nan ne leda ta cika gari. Da can da ganye ake ƙunshe daddawa, tsire kuma a takardar buhun siminti, sai ga shi gishiri ma na ƙwandala sai an ƙulla maka a leda. Iska ta kwashe ta ta rataye a ƙaya, ruwa ya ja ta zuwa kogi. Shanu suna jin ɗanɗanon gishiri da manja a jikinta sai su haɗiye. Saniya ta yi ta ramewa cikinta na kumbura, a kasuwar shanu ta Iware mai saye ya ɗauka ciki ne da ita, ya yi murna ya samu biyu a kuɗin ɗaya. Bayan kwana kaɗan ta kwanta ta ƙi tashi. In an yanka an farke tumbi, sai a zaro wani dunƙule mai wari ya fi kan mutum girma, leda ce ta nannaɗe da igiya da tsumma ta zama kamar dutse. Makiyaya suka ce sammu ne, wasu har suka ƙaurace wa mashayar da kakanninsu ke shayarwa.

Kowa zubar da dunƙulen yake yi, ban da Baba. Shi sai ya warware shi a hankali, ya wanke ledojin da sabulu, ya zo da su gida ya shanya a igiyar Dada.

“Mazan wasu tsire suke shigo wa matansu da shi,” in ji Dada. “Ni nawa abin da saniya ta kasa kasayarwa yake kawo mini.”

“Ki yi haƙuri, uwargida, ilimi ne.”

“Ilimin ya matsa daga kan zanena.”

Abin da Baba ke nema rubutun jikin ledar ne. Yana shanyawa ya lura kusan rabinsu rubutun Faransanci ne, na sukari da omo da madara irin waɗanda ba a sayarwa a Kasuwar Jalingo. Wasu shanun daga Kamaru aka koro su da ledar a cikinsu, wasu kuwa a nan bakin Binuwai suka ci wadda ruwa ya kawo daga can. Akwai wani likitan dabbobi a Garwa ta Kamaru, Dokta Hamadu, da suka taɓa yin aikin allurar shanu tare a kan iyaka tun suna samari. Baba ya aika masa wasiƙa ta hannun masu koro shanu. Bayan wata ɗaya amsa ta zo da ƙunshi, da muka buɗe sai ga ledoji wankakku masu rubutun Turanci, namu na nan, daga tumbin shanun can. Ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya ce ashe kowa yana kashe shanun ɗan'uwansa bai sani ba.

Daga nan suka ƙulla shawara. Za su tattara shaida ta shekara guda, su rubuta takarda ɗaya da sa hannunsu su biyu, kowa ya miƙa wa gwamnatinsa, a hana zubar da shara a bakin kogi, a sa rana ɗaya da za a riƙa share kasuwannin shanu nan da can, don in mun share namu su ba su share ba, damina ɗaya za ta dawo mana da komai. Dokta Hamadu da Faransanci yake rubutu, ni kuwa na ɗan koya a makaranta, ina da ƙamus wanda bangonsa ya cire. Ni nake fassara wa Baba, ni nake rubuta amsa, in sa takardar kwafi a ƙasa don mu ajiye namu. Baba don alfahari sai ya sa in ƙara layi a ƙarshen kowace wasiƙa, cewa 'yarsa Hauwa ce ta rubuta. Kowace leda kuma da 'yar takarda a maƙale, inda aka sayi saniyar da inda ta yi kiwo. Duk muna adana su a kwalin madara a ƙarƙashin gadonsa. Ƙarshe ya ce in zana masa taswira. Na ɗora farar takarda a kan littafin taswirarmu na makaranta na bi layin Binuwai daga Garwa har Lau, na sa jan ɗigo a kowane mashigi da mashaya, da lamba a gefe, yawan shanun da aka samu da leda.

Abin da mu biyu ba mu tsaya mun duba ba, a shekarar nan ƙasashen biyu suna harara a kan iyaka can kudu, kullum rediyo na maganar sojoji. Bappa Ishaya ne kaɗai ya faɗa.

“Malam, wannan takarda, ni na san shanu ne. Wanda bai sani ba zai ce hanyar soja ne.”

“Ai sai in nuna masa kwalin,” in ji Baba. “Kowa ya ga kwalin nan ya san mahaukacin leda ne kawai.”

Ranar wata Litinin suka tafi tare wani shago kusa da kasuwa aka yi wa taswirar hoto. Wa ya gani a shagon, wa ya kai magana, har yau ban sani ba. Ranar Laraba da hantsi Dada ta tafi cefane, ku kuna makarantar allo, ni kaɗai ce a gida na ɗora wake. Sai ga Garba mahauci ya faɗo ba sallama, jini a gaban rigarsa, yana haki. Ya ce wasu mutum uku cikin kayan gida sun zo mayanka a farar mota mara lamba, sun tafi da Baba, sun ciro taswirar daga aljihunsa.

“Cewa suke ɗan leƙen asirin Kamaru ne. Kuma na ji da kunnena suna tambayarsa wa ya zana masa, wai wannan ba hannun dattijo ba ne.”

Ya fita ya bar ni tsaye da ludayi a hannu.

Ina so ku san abin da ya zo mini a rai, don a nan gaskiyar take. Ban tuna Baba ba. Sunana na tuna, a ƙasan wasiƙa goma sha wani abu, da hannuna, da Faransanci. Mun sha jin abin da ake yi wa wanda aka tafi da shi a irin motar nan, kuma mun ji abin da ake yi in mace ce. Duk motar da ta wuce a titi sai in ji ta tsaya a ƙofarmu. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na jawo kwalin ba. Zamanin wahalar kananzir ne, duk matan unguwa da leda muke hura wuta, ka kunna gefenta ka bari ta ɗiɗɗiga a kan ice. Hannuna ya saba, shi ya yi aikin da kansa. Na sauke waken na soma da wasiƙun Dokta Hamadu masu hatimin asibitinsa, sai kwafin namu, sai ledojin ɗaya bayan ɗaya da 'yan takardunsu, aikin wata goma. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe madafi har ina amai ina ci gaba da turawa. Na yayyaga kwalin shi ma na cusa. Abin da ya narke ya daskare a gindin murhu na ɓamɓare na jefa a masai, na share toka, na mayar da tukunya. Da Dada ta dawo ta same ni ina kuka, ta ɗauka kukan Baba nake yi.

Da la'asar Bappa Ishaya ya shigo ta 'yar ƙofar nan, fuskarsa da ɗan haske. Tun safe yana bin ofis-ofis har ya gano inda aka ajiye Baba, ya kuma samu ganin babbansu.

“Mutumin yana da hankali, Hajiya. Ya ce in gaskiya maganar leda ce, a kawo masa wasiƙun da ledan ya gani da idonsa kafin a tashi aiki. In ba haka ba gobe da safe za a wuce da shi gaba, daga nan kuma ba hannunsa. Hauwa, ɗauko kwalin.”

Dada ta ce, “Alhamdu lillahi. Tashi mana, ɓingel, 'yata, me kike jira?”

Na shiga ɗakin Baba na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado kamar mai nema. Na daɗe a durƙushe. Da a ce na fito na faɗi gaskiya, da aƙalla an san abin da za a gaya wa mutumin. Amma na ji muryar Dada tana kirana, sai na fito na ce,

“Ba ya nan. Baba ya kai shi ofis tun makon jiya.”

Bappa Ishaya ya dube ni. Ba zan manta kallon nan ba, ba fushi a ciki, kamar dai yadda yake duban hanta kafin ya ce a binne. Sai ya ce, “To,” ya laluba aljihu ya ciro makullin ofis ya fita. Bai dawo ba sai gab da magariba, hannu wofi. Washegari aka wuce da Baba, ba wanda ya gaya mana ina.

Sauran Dada ce ta haɗa da kanta, ni ban ƙara ko kalma ba, shiru kawai na yi. Wa ya raka Baba shagon hoto? Ishaya. Wa ke da makullin ofis? Ishaya. Wa aka ba riƙon kujerar Baba bayan sati biyu? Shi ne dai. Ranar da Mama Rifkatu ta shigo da kwanon kunu, Dada ta tare ta a tsakar gida.

“Koma da shi. Ki ce wa mijinki kujerar ta ishe shi, ba sai ya haɗa da ciyar da marayun da ya yi ba.”

“Dadar Hauwa, ni kike gaya wa haka? Ni?”

“Ke fa.”

A makon nan aka kira magini ya toshe ƙofar, aka hana mu cewa Bappa. Ni na ɗebo wa maginin ruwa.

Wata huɗu da kama Baba, Bappa Ishaya ya ɗauki hutu ya ɓace. Ashe masu koro shanu ya bi, ta Yola, ya tsallaka da ƙafa cikin garke har Garwa, a lokacin da ma'aikacin gwamnati in an kama shi a can ko a nan ya shiga uku. Ya samu Dokta Hamadu, wanda shi ma an kira shi an yi masa tambayoyi a can. Duk da haka likitan ya ba shi wasiƙun Baba na asali da buhu guda na ledojinsa, ya kuma rubuta takardar shaida ya buga hatimi. Bappa ya dawo ƙafafunsa duk sun fashe, ya yi ta kai kayan nan daga tebur zuwa tebur har aka samu mai karantawa. Da labari ya zo wa Dada, cewa ta yi,

“Wanda ya ɓoye ai shi ya san inda zai nemo.”

An sako Baba bayan wata takwas. A bayan motar itace ya iso, ba mu gane shi ba sai da ya yi magana. Ƙafafunsa sun kumbura, haƙoransa biyu babu, hannun damansa na karkarwa har ba ya iya riƙe kofi, balle wuƙa. Bai koma aiki ba. Bai taɓa gaya mana abin da aka yi masa ba, abu ɗaya kawai na ji yana faɗa wa Garba mahauci a zaure, wai har ƙarshe ce musu yake shi ya zana da hannunsa. Dokta Hamadu ya sake aiko wasiƙa sau ɗaya, Baba ya ce wa wanda ya kawo ya mayar, ya ce a gaishe shi, a ce masa kowa ya ji da shanunsa. A nan maganar takarda ɗaya mai sa hannu biyu ta mutu. Bara da na je Lau bayan ruwa ya janye, na ga itatuwan bakin kogi sun yi fari da baƙi da leda har sama, shanu na miƙa wuya suna fizga.

Baba ya sha gaya wa Dada cewa Ishaya ba zai yi masa haka ba. Ita kuwa amsarta ɗaya ce.

“To ina kwalin? Ka kai ofis, ya yi fiffike?”

Ranar farko da ta faɗi haka ina zaune ina tsince shinkafa. Baba ya san bai kai kwali ko'ina ba. Na jira ya ce haka. Sai ya dubi ƙafafunsa, ya ce shi yanzu ba komai yake tunawa ba. Bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya, har daminar da ta biyo ta ɗauke shi. Wannan rashin tambayar ya fi mini duka ciwo. Har yanzu in mota ta rage gudu a ƙofar gidan mijina sai na tashi na leƙa, kuma ba na iya zama inda ake ƙona shara.

Bappa Ishaya ya bi gawa har maƙabarta ya tsaya daga nesa. Buhun masarar da ya aiko na gaisuwa, Dada ta sa aka ajiye masa a ƙofa. Bayan sadakar arba'in na ce za ni asibiti, na wuce mayanka. Na same shi a bakin famfo yana wanke wuƙa, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa a cikin ruwan jinin nan ban ma lura ba.

“Bappa, kwalin nan ba a kai shi ofis ba.”

“Na sani.”

“Ni na ƙona shi.”

“Na sani, Hauwa. Tun daga bakin titi na ji warin. Shekara nawa ina aikin nan, ban san warin leda ba?”

“To me ya sa ka tafi nema? Me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ya rufe famfo ya goge wuƙar a gefen wandonsa.

“In na ce yarinya ta ƙona, gobe su zo su tambayi me ya sa yarinya ta ƙona. Sai su tafi da mutum biyu. Wasiƙun da na karɓo a Garwa ma, sai da na zauna da reza na yanke sunanki a ƙasan kowace ɗaya kafin in kai. Tashi, zaninki na jiƙewa.”

Na ce zan je in gaya wa Dada a ranar. Ya girgiza kai.

“Kar ki yi. Uwarki ta rasa miji. Ni maƙwabci ne, tana iya ƙina ta ci abinci ta yi barci. Ke in ta ƙi ki, da me za ta rayu? Bar shi a kaina, na riga na saba.”

Na bi maganarsa shekara uku, kuma ba zan ɓoye muku ba, na bi ta ne don ta yi mini daɗi. Watan jiya Mama Rifkatu ta rasu. Muna jin waƙoƙinsu ta kan katanga kwana uku, ba wanda ya taka daga gidanmu, ni ma da na zo ganin gida a makon ban taka ba. Ta tafi tana ganin mu marasa mutunci ne, ba ta san dalili ba, don mijinta ko ita bai gaya wa ba.

Ban san ko zan taɓa iya buɗe baki a gaban Dada ba. Na gwada sau biyu na kasa. Ita ba ta karatun boko, ku kuna yi, kuma ban ɗora muku nauyin gaya mata ba, wannan nawa ne. Abin da nake roƙonku kaɗan ne. Ranar Lahadi in ya dawo daga coci yakan zauna a kan benci a ƙofar gida, shi kaɗai yanzu. Ku je ku durƙusa ku yi masa gaisuwar matarsa, ku kira shi Bappa. In Dada ta tambaya wa ya aike ku, ku ce yayarku Adda Hauwa ce, ku ce ta zo ta tambaye ni.